Koyon Sana'a a Ƙarƙashin Gwamnati: Tambayoyin da Matasa da Iyaye Suka Fi Yi

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa gwamnati ta buɗe rajistar koyon sana'a, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa, a majalisa, a bakin gareji, a shagon cike fom, har a cikin gida wajen iyaye. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da aikin lantarki, ina kuma cuɗanya da masu sana'ar hannu. Maganar ta fi karkata ga Najeriya, amma akwai amsa guda ta 'yan'uwanmu na Nijar. Mai sauri ya fara da amsar zaɓen sana'a, sannan ta ƙarshe kan yadda ake gane cibiya mai kyau.

Mene ne shirin koyon sana'a na gwamnati, kuma me ya raba shi da zuwa wurin maigida?

Shiri ne da gwamnatin tarayya ko ta jiha take ɗaukar nauyinsa. Ita ke biyan kuɗin horo, wani lokaci ta haɗa da ɗan alawus da kayan aiki, domin matashi ya fita da sana'a a hannu. Wani ana yin sa shekara uku a kwalejin fasaha, wani wata shida ko shekara guda a cibiya, wani kuma gwamnati ce ke kai yaro wurin mai gareji ko tela, ta biya shi ya koya masa.

Koyo a wurin maigida kuwa shi muka gada, kuma har gobe shi ya fi yaye mutane a ƙasar nan. Ƙarfinsa shi ne yaro yana taɓa aiki na gaske kullum, yana ganin yadda ake ciniki da yadda ake lallashin mai kaya. Rauninsa shi ne ba shi da ranar gamawa, ba shi da takardar shaida, kuma da wuya yaro ya wuce abin da maigidansa ya sani. Na san yaran da suka shekara biyu a gareji, aikinsu wankin sifana da zuwa aike. Shirin gwamnati mai kyau shi ne wanda ya riƙe wancan ƙarfin ya toshe wannan raunin: zama a aji kaɗan, aikin hannu da yawa, gwaji a ƙarshe.

Ana cewa babu aiki, ana kuma cewa an rasa ma'aikata. Wanne za mu ɗauka?

Duka biyun gaskiya ne, kuma nan gizo ke saƙar. Je ka inda ake ginin bene a Abuja ko Kaduna, ka tambayi su wa ke sa tayil, su wa ke yin silin POP. Sau da yawa za ka tarar 'yan Togo ne, ko na Kwatano, ko na Gana. Mai gini ba ƙin ɗan gida yake yi ba. Layin da ya miƙe yake nema, da aikin da ba za a fasa a sake ba. A ginin matatar man Dangote da ke Lekki ma sai da aka shigo da dubban ƙwararru daga waje, musamman daga Indiya, alhali matasanmu na zaune a gindin bishiya. Walda muna da masu yinta a kowace unguwa, amma mai haɗa ƙofa da taga daban yake da wanda za a amince ya haɗa bututun da iskar gas za ta bi da ƙarfi.

Irin wannan aikin ya iso ƙofar gidanmu. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da shi a 2020. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane suka koma kan sola a gida da gona, ana kuma juya motoci da Keke Napep su yi aiki da gas. Duk waɗannan suna neman hannun da ya iya.

Kada alƙaluman rashin aiki su ruɗe ka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari ne ba su da aiki. Na farkon 2023 kuma ta ce kashi 4.1 ne. Ma'aunin aka sauya: yanzu wanda ya yi aikin awa guda a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Hukumar dai ta nuna sama da kashi 90 na masu aikin suna yin sa ne a wajen ofis da kamfani. Ma'ana, yawancinmu muna faɗi-tashi, abin da ake samu ne ba ya isa, kuma ƙwarewa na cikin abubuwan da ke ɗaga farashin mutum.

Waɗanne hukumomin tarayya ne ke wannan aiki?

Guda huɗu ya kamata ka riƙe. ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ita ce babba a shekaru, an kafa ta a 1971, hedikwatarta na Jos. Ita ta ƙirƙiro SIWES a 1973, wato zaman sanin makamar aiki da ɗaliban manyan makarantu ke yi a masana'antu, kuma tana da nata shirye-shiryen horar da matasa, ciki har da SUPA da ta fara a 2024 don ɗaga ƙwarewar masu sana'ar hannu. NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ta fara aiki a farkon 1987 zamanin Janar Babangida, tana da ofis a kowace jiha, kuma ta yi suna wajen kai matasa wurin iyayen gida su koyi sana'a a kuɗinta.

Sauran biyun aikinsu tsaro da awo. NBTE, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedikwata a Kaduna, ita ke tantance kwalejojin kimiyya da fasaha da cibiyoyin horo. NABTEB, mai hedikwata a birnin Benin, ita ke shirya jarrabawar kwalejojin fasaha. Takardun da suke bayarwa na yi bayaninsu a amsar da ke kan satifiket.

Wane shiri ne Ma'aikatar Ilimi ta fito da shi a 2025?

Shi ne ake kira TVET, wanda ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya ƙaddamar a watan Mayun 2025. Karatu kyauta ne, da alawus na wata-wata. Akwai hanyar shekara uku a kwalejojin fasaha ga yaran da suka gama ƙaramar sakandare, akwai kuma gajeren horo na wata shida da na wata goma sha biyu a cibiyoyin da aka tantance. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙa'idar kashi 80 aikin hannu, kashi 20 karatun aji. In aka riƙe wannan ƙa'ida da gaskiya, an kama hanya. Sai dai ƙa'idar a takarda take, cikata kuma yana hannun cibiyar da aka tura ka, shi ya sa na tsawaita a amsar ƙarshe.

Jihohinmu fa, suna da nasu?

Suna da shi. A Kano akwai babbar cibiyar koyon sana'a da gwamnatin jiha ta gina a hanyar Zariya ta sa mata sunan Aliko Dangote, ga kuma cibiyoyin da aka kafa tsakanin 2011 da 2015, irin su ta kiwon kaji a Tukwi da ta kiwon kifi a Bagauda. Katsina na da ƙauyen koyon sana'o'in matasa tun zamanin Gwamna Ibrahim Shema. Kaduna ta buɗe cibiyoyi uku a 2025, a Rigachikun, Soba da Samarun Kataf. Akwai kuma masu zuwa da kuɗin waje: shirin Mafita na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, shirin IDEAS na Bankin Duniya mai dala miliyan 200 kuma ya haɗa da Kano, Gombe da Binuwai. Ka leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarku ka yi tambaya, domin wasu shirye-shiryen jiha ba sa bi ta intanet ko kaɗan.

Ban yi boko ba, makarantar allo na yi. Akwai wurina?

Akwai. Kwalejin fasaha ta shekara uku ita ce ke neman shaidar ƙaramar sakandare da jarrabawar shiga. Amma koyo a wurin maigida ta hannun NDE, da yawancin gajerun horon jihohi, ba sa kore wanda ba shi da takardar boko. Mafita ma da gangan ya nemi almajirai da 'yan matan da ba sa zuwa makaranta. Tun 2023 kuma akwai hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta.

Zan dai gaya maka gaskiya, ɗan'uwa. Sana'ar yau tana son lissafi da ɗan karatu: awon tef, karanta lambar waya da ta fiyus, gane rubutun da ke jikin batir. Wanda ya haddace izu sittin ba zai kasa wannan ba. Cikin waɗanda na koyar, almajirai na daga masu saurin riƙe abu da juriya. Ka haɗa horon da ajin yaƙi da jahilci na yamma, wata shida za ka ga bambanci.

Yaya ake rajista, kuma nawa ake biya?

Ba a biyan ko kwabo don shiga shirin gwamnatin tarayya. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin data ko ladan mai shagon da ya cike maka fom ba. Ka tanadi lambar NIN, BVN, asusun banki da sunanka, lambar wayar da kake riƙe da ita, da hoto. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da banki. Wannan ɗan saɓanin, Muhammad a nan Mohammed a can, ya hana mutane da yawa alawus ɗinsu, kuma gyaransa yana cin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gyara tun yanzu.

'Yan damfara sun san lokacin rajista sarai. Za su turo saƙo a WhatsApp da tambarin gwamnati, su ce ka tura wa mutum goma, ko ka biya dubu biyar a sa sunanka. Shafin gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng. Babu jami'in da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya. Wanda ya ce yana da gurbi na sayarwa, ko ɓarawo ne ko yana sayar da haƙƙin wani talaka.

Nawa ne alawus, kuma yana zuwa a kan lokaci?

Ya danganta da shiri. N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, ya riƙa biyan masu digiri da NCE naira 30,000 a wata. A shirin TVET na 2025 an fara jin naira 45,000 a bakin jami'ai, daga baya aka tsaya a kan 22,500. Kwatanta shi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, za ka gane kuɗin mota da ɗan abin kalaci ne. Jinkiri kuma ya zama ruwan dare a irin waɗannan shirye-shirye, har a tara watanni.

Saboda haka kada ka shiga don alawus. Na sha ganin aji ya cika maƙil ranar da ake ɗaukar suna, washegari ka ƙirga mutum goma. Wanda ya yi haka ya cuci kansa, ya kuma toshe wa mai son koyo da gaske. Mai iyali ya zauna da iyalinsa tun kafin ya fara, su yi lissafin yadda za a ci abinci in kuɗin ya makara.

Wace sana'a zan zaɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita aka fi amsawa da gaggawa a gaban kwamfutar mai shago. Kafin ka cike fom, ka yi mako guda kana zagaya garinku da ido biyu. Wane aiki ne in ya lalace sai an kira mutum daga Kano ko Kaduna? Wane mai sana'a ne ake bin layinsa, yana cewa a dawo jibi? Wane aiki ne mutane ke ƙorafin ba a iya shi da kyau? Nan kuɗi yake. In layinku akwai teloli shida, na bakwai zai sha wuya, sai fa in ya zo da abin da sauran ba su iya ba.

A abin da nake gani yau, waɗannan suna da kasuwa a Arewa: haɗa sola da gyaran inbata, famfunan ban-ruwa masu aiki da rana, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, aikin famfo, sa tayil da POP, waldar bututu, gyaran tarakta da injinan casar shinkafa, da kanikancin motocin zamani da ake binciken cutarsu da kwamfuta. Dubi yadda kamfanonin shinkafa suka yawaita a Kano, Kebbi da Jigawa. Kowane inji a ciki yana buƙatar mai kula da shi. Mutumin karkara kada ya raina abin da ke kusa da shi: mai gyaran injin ban-ruwa a Kura ko Haɗeja lokacin noman rani ba ya zama.

Sannan ka dubi kanka. Mai tsoron tsayi ba ya hawa rufi ya kafa sola. Wanda ba shi da haƙurin zama ba zai yi gyaran waya ba. Ka je ka wuni biyu a shagon mai sana'ar da kake sha'awa, ka ga wahalarta kafin daɗinta. Ka kuma tambayi kuɗin kayan fara aiki, domin akwai sana'ar da jakar kayan aiki ta ishe ka, akwai wadda sai da shago da janareta. Duba amsar da ke kan kayan aiki.

Horon mako biyu ko wata uku zai iya mayar da mutum gwani?

A'a. Mako biyu zai koya maka haɗa sabulun ruwa ko man shafawa. Wata uku zuwa shida zai sa ka zama mataimaki mai amfani a wayarin ko aikin famfo. Gwaninta kuwa sai an shekara biyu ko uku ana yi ana kuskure a gaban wanda ya fi ka. A aikin lantarki da gas wannan maganar rai ce: wayarin ɗin ɗan koyo na cikin abubuwan da ke haddasa gobara a gidaje da kasuwanni. In ka gama gajeren horo, ka nemi maigida ka zauna ƙarƙashinsa ko da shekara guda ce kafin ka kafa allon sunanka.

Wane satifiket ake bayarwa, kuma wanne ke da daraja?

Takardar da ake miƙawa ranar bikin yaye, mai cewa wane ya halarci horo, shaidar halarta ce kawai. Kamfani ba ya ɗaukar mutum da ita. Masu nauyi uku ne. Na farko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda masu sana'a ke kira tired tes, ana farawa daga mataki na uku a hau na biyu a kai na ɗaya. Na biyu NTC ko NBC na NABTEB, wanda yake daidai da takardar gama sakandare, har ana neman gurbin babbar makaranta da shi ta hanyar JAMB. Na uku NSQ da ke ƙarƙashin kulawar NBTE, wanda aka fara da matakai shida.

NSQ ya bambanta da jarrabawar da muka saba. Mai tantancewa yana zuwa ya tsaya a kanka kana aiki, ya duba ko ka bi ƙa'ida, ya yi maka tambayoyi, a tara shaidar ayyukanka. Hannunka ake aunawa. Kafin ka shiga kowace cibiya, ka tambaya wanne daga cikin ukun nan za ka fita da shi, kuma wa zai biya kuɗin gwajin.

Na shekara ashirin ina walda. Sai na koma aji kafin in samu takarda?

Ba sai ka koma ba, Malam. A tsarin NSQ akwai hanyar tantance ƙwarewar da mutum ya riga ya samu. Za a gwada ka a kan abin da ka iya, in akwai giɓi a cike maka da ɗan gajeren horo, a ba ka matakin da ya dace da kai. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne kasuwar Panteka a Kaduna, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa kai da maƙera da masu walda don horar da su da yaransu a ba su takarda. SUPA na ITF ma irinku yake nema. Amfanin takardar yana fitowa ranar da za a ba da kwangila, ko kamfani zai ɗauki ma'aikata, ko za a fita waje aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ku je ta ƙungiyarku ta masu sana'a, a gwada ku a tare.

Za a ba ni kayan aiki ko jari in na gama?

Wasu shirye-shiryen suna bayarwa, wasu alkawari ne da ke daɗewa bai cika ba. Ka yi shirinka kamar ba za a bayar ba: ka riƙa cire wani abu daga alawus kana sayen kayan hannu ɗaya bayan ɗaya, ka shiga adashi. In kana son rance daga Bankin Masana'antu ko tallafin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, yawanci sai ka yi wa sana'arka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Abin da ke ci mini rai shi ne sayar da kayan. An raba keken ɗinki da safe, da yamma yana kasuwa a rabin kuɗinsa, dillalai ma a bakin ƙofar wurin taron suke jira. Wani yunwa ce ta sa shi, ba na zagin sa. Amma sau da yawa tun farko ba mai koyo aka ba wa ba, an raba ne ta hannun 'yan siyasa, ko an ba mutum injin sana'ar da bai taɓa sha'awa ba. In an ba ka kaya ba ka da shago, ka kai su shagon maigidanka ku yi yarjejeniya, ko ku haɗu ku uku ku kama ɗaki guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yata na so ta shiga. Ban da ɗinki da saƙa, me mace za ta koya?

Baba, duk abin da na lissafa a amsar zaɓen sana'a mace na iya koyon mafi yawansa. Ɗinki, lalle da girke-girke sana'o'i ne masu albarka, amma sun cika. Ka tuna gidajenmu nawa ne aka rubuta "Ba Shiga" a ƙofa. In firiji ya lalace ko soket ya ƙone, sai a jira maigida ya dawo kafin namiji ya shiga. Mace mai gyara za ta shiga da rana tsaka. Haka gyaran waya: mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu mai hotunansu ga namiji a kasuwa. Wannan kasuwa ce da ke jiran mai ɗauka.

Ka je da kanka ka ga cibiyar, ka tambayi lokacin tashi, ko akwai malamai mata, ko akwai banɗaki da wurin salla na mata. In kuma an kusa aurar da ita, a yi maganar ci gaba da horon da mijin tun kafin a ɗaura.

Ina da digiri amma ba aiki. Ba koma baya ba ne in koyi sana'ar hannu?

Ba koma baya ba ne. Mai digiri da ya iya sola yana rubuta takardar neman kwangila, ya yi lissafin nauyin wutar gida daidai, ya riƙe littafin ciniki. Mafi yawan masu sana'a nan suke da rauni. In kuma hankalinka ya fi kwanciya da kwamfuta, akwai 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta fara a ƙarshen 2023 ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku, aka soma da 30,000. Ana koyar da rubuta manhaja, nazarin bayanai da tsaron intanet. Yawancin karatun ta intanet ne, don haka sai ka tanadi kwamfuta, data da wutar caji, kuma babu mai bin ka da bulala. Wanda ba ya iya tsare kansa ya zauna karatu zai yi wuya ya kai ƙarshe.

Masu buƙata ta musamman fa?

Dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ka bayyana lalurarka a fom, kuma ku nema ta ƙungiyarku, an fi jin murya in ta taru. Wanda ya ga yadda guragu a Kano suke ƙera kekunansu da walda ba zai yi shakkar iyawa ba.

Ni mai gareji ne, wani kuma mai kamfani. Me za mu samu?

Mai gareji ko shago na iya yin rajista a matsayin mai horarwa, a turo masa yara a biya shi. Za a duba wurinka da kayan aikinka, kuma samun takardarka ta NSQ na taimakawa, kamar yadda na faɗa a amsar mai shekara ashirin yana walda. Dokar Ƙwadago ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yinta da sa hannun jami'in ƙwadago, kuma yaro ɗan shekara 12 zuwa 16 sai da iyayensa, ba ta wuce shekara biyar. Amana ce aka ba ka. Yaron da aka kawo koyo a koya masa, kada ya ƙare a wankin mota da cefanen gida.

Kamfanin da doka ta hau kansa yana biyan ITF kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a shekara. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, in ka horar da ma'aikatanka bisa ƙa'idar hukumar, kana iya neman a mayar maka da har rabin abin da ka biya.

Mu da muke Nijar, yaya namu tsarin yake?

A Nijar akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a ƙananan hukumomi, masu karɓar yaran da suka bar makaranta da waɗanda ba su taɓa shiga ba. Akwai asusun FAFPA da ke biyan kuɗin horon matasa da masu sana'a, yawanci yaro na raba lokacinsa tsakanin cibiya da shagon maigida. Takardun da aka fi sani su ne CAP da BEP. A fara tambaya a ma'aikatar magajin gari. Shawarar zaɓen sana'a da ta kayan aiki duk ɗaya ce, ko a Maraɗi kake ko a Damagaram.

An sha yin irin wannan a baya ya watse. Me ke kashe su?

Wanda ya yi makaranta a shekarun 1980 zai tuna tsarin 6-3-3-4, da injinan koyon sana'a da aka shigo da su daga Turai aka kai sakandare. Da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, saboda ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san kansu. N-Power ya fara a 2016 da mutum 200,000, ya taimaki gidaje da yawa, amma mafi yawan waɗanda suka gama ba su samu inda za su dafa ba, aka kuma dakatar da shi a Oktoban 2023.

Cutar kusan ɗaya ce kullum. Ana auna nasara da yawan waɗanda aka yaye a gaban kyamara, ba a bin sawu a ga nawa ne ke cin abinci da sana'ar bayan shekara. Ana kashe kuɗi a gini a manta da albashin malami, man janareta da kayan gwaji. Sabuwar gwamnati ta zo ta yi watsi da na wadda ta gada. Kuma ba a cika tambayar masu masana'antu irin hannun da suke nema ba. Na taɓa shiga wata cibiya na tarar da matasa arba'in a kan injin walda guda, shi ma ba wuta, malamin yana zana musu yadda ake riƙe shi a allo. Yaran nan sun zo da niyya, wasu a ƙafa daga nesa. Har yau abin yana damuna.

To yaya zan gane cibiya mai kyau kafin in ba ta watannina?

Ka je ranar aiki ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kunnenka zai fara gaya maka: wurin koyon walda ko kafinta da ya yi tsit a wannan lokaci akwai matsala. Ka ƙirga injina ka ƙirga ɗalibai. Ka duba ko akwai janareta ko sola, ko akwai kayan da ake ƙonawa wajen gwaji, irin su rodin walda, waya, katako da yadi, domin su ne suke fara yankewa. Ka duba tabarau, safar hannu da abin kashe gobara. Ka kalli hannun malamin, ka tambaye shi ko yana da shago ko yana fita aiki a waje.

Sannan ka yi wa shugaban wurin tambaya uku. NBTE ko wata hukuma ta tantance ku? Wace takarda zan fita da ita cikin ukun da aka ambata a amsar satifiket? Wane kamfani ko gareji kuke tura ɗalibai su yi aiki na gaske? Daga nan ka roƙe shi ya haɗa ka da mutum biyar da suka gama bara, ka je ka same su inda suke, ka tambaye su abin da suke samu a mako da abin da suka ga ya yi musu ƙaranci a horon. In shugaban ya kasa nuna maka ko mutum biyu da ke aiki da abin da suka koya, ka nemi a sauya maka cibiya tun kafin a rufe rajista.